Ranar da Kwamfutar Baba Ta Ƙi Tashi

'Yan uwa masu bibiyar labarin nan, yau ku gyara zama, domin abin da zan ba ku ko yanzu da nake rubuta shi gabana bai gama faɗuwa ba. Waɗanda suka shigo sabo kuma, bari in taƙaita muku inda aka kwana. Ni ce babbar 'ya a gidanmu, kuma ni ce ke zama gaban kwamfuta a shagon surfani na Baba. Keken surfaninmu irin wanda kwamfuta ke ba shi zane ne. Ni nake zana tambari, in tsara inda kowace allura za ta sauka, in tura wa keken, Baba kuma ya ɗaura yadi ya tsaya a kansa. Mutum biyu ne ke nemana. Umma tana son ɗan mai yadi, wanda mahaifinsa ke ba mu kaya tun ina 'yar firamare. Ni kuma zuciyata tana wurin wani ma'aikacin jinya, wanda Baba ya laƙaba wa Mai Allura tun kafin ya gan shi. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba, cewa kawai ya yi yana kallo. A gidanmu kuwa maganarsa ce ta ƙarshe, ga shi Umma ta riga ta gayyaci mutanen mai yadi su zo a zauna a ƙarshen mako.

Kwamfutar shagon ba tsohuwa ba ce, bara aka sayo ta, amma da ƙaramar ram ta zo. Ram ɗin nan wasu 'yan siraran sanduna ne a cikin akwatin kwamfuta, a kansu take baje aikin da take yi a lokacin. In sun yi mata kaɗan sai ta riƙa nishi. Idan na buɗe zane mai launi da yawa, ina iya tashi in dafa shayi in dawo in tarar tana nan tana tunani. Kullum in Mai Allura ya kira ni, rabin hirarmu ƙorafin kwamfuta ne. Ni a zatona maganar ta bayan kunnensa take bi, ashe ajiyewa yake yi.

A farkon makon nan ya tsaya a ƙofar gida, daga wurin aiki, ya miƙo mini wata 'yar leda ya wuce. Na buɗe na ga sandunan ram guda biyu, sababbi fil a cikin robarsu. A ranar kuma ɗan mai yadi ya aiko da turare da wani yadi ruwan zuma mai santsi, Umma ta baje su a kan gadonta tana shafawa. Da na nuna mata nawa, ta jujjuya su, ta duba 'yan haƙoran nan masu ruwan zinari, ta tambaye ni ko sabon samfurin mataji ne. Na yi mata bayani. Ta ce mutumin da ya fara da kayan gyaran inji, in aka yi aure tayar mota zai riƙa kawo mini tsaraba.

Na yi dariya don kada ta ga fuskata, amma ni ban taɓa samun kyautar da ta shiga raina kamar wannan ba. Turare kowa yana iya saya wa kowa. Wannan kuwa sai wanda ya saurare ki.

Washegari Baba ya fita sayen zare da hantsi. Muna tsakiyar aikin bajojin wata makaranta, an yi rabi, saura rabi, kuma shugabar makarantar za ta aiko a karɓa washegari da safe. Mai hankali zai bari a gama aikin tukuna. Ni kuwa so nake Baba ya dawo ya ga kwamfuta tana gudu, ya tambayi wa ya yi, in sunkuyar da kai in ce Mai Allura ne. Har na tsara yadda zan faɗa. Na naɗe hannun doguwar rigata ruwan ganye, na ɗaure mayafina ta baya, na cire waya daga soket, na kwance murfin akwatin da sukurudireban keke. Na zare tsohuwar sandar, na sa sababbin biyu, na mayar da waya, na kunna.

Fanka ta tashi. Wata 'yar fitila ruwan lemo ta kama a ciki. Allo kuwa baƙi ƙirin, ko ɗigo babu. Kafin in yi tunani hannuna ya riga ya kai makunnin bango ya kashe.

Sai in gaya muku dalili, don kada ku ce gaggawa ce kawai. A shagon surfani akwai doka ɗaya da Baba ya koya mini tun kafin in iya zura zare a allura: inji in ya yi abin da ba ki gane ba, kashe shi nan take, tambaya daga baya. Allurar keken nan gudu take yi kamar ruwan sama. In ta laƙe kika tsaya kallo, kafin ki ƙifta ido ta yaga yadin mutane, ta karye, ta tara zare a ƙasa kamar sheƙar tsuntsu. Saboda haka makunnin bangon yana daidai kafaɗar Baba, har farin fentinsa ya koɗe saboda bugu. Ni ma hannuna ya haddace hanyar.

Na sake kunnawa, baƙi, na kashe. Na duba wayar allo ta baya, tana nan daram. Na je na roƙi mai askin da ke maƙwabtaka da mu ya ara mini ɗan talabijin ɗinsa, na jona, shi ma baƙi, na kashe. Na leƙa ciki da fitilar waya, sai na ga ɗaya sandar ba ta zauna sosai ba, kunnen da ke riƙe ta bai rufe ba. Na ce alhamdu lillahi, ga ɓarawon. Na danna ta har ta ce ƙas. Na kunna, na ga baƙi, na kashe. Na cire ɗaya na bar ɗaya. Na sauya musu gurbi. A ƙarshe na ce to, a koma gidan jiya, na mayar da tsohuwar sandar a inda na same ta. Ita ma baƙi. A nan ne gumi ya fara bin bayana, domin yanzu ba gyara na kasa yi ba, abin da ke aiki da safe ne ya daina aiki.

Na rubuta wa Mai Allura: "Ta ƙi tashi. Har da tsohuwar ram ɗin ta ƙi."

Ya amsa nan da nan: "Mai Zane, ki numfasa tukuna. Fanka tana juyawa?"

"Tana juyawa. Akwai fitila ruwan lemo."

Ya ce in cire wayar wuta, in danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wuta ta fita, sannan in ciro wani ɗan batiri mai kama da maɓallin riga da ke kwance a ciki, in mayar. Na yi duka. Na kunna, baƙi, na kashe. Ya rubuto cewa ya kusa tashi daga aiki, yana zuwa. Na rubuta masa da manyan baƙaƙe cewa kada ya kuskura ya zo, zan ce ni na sayo. Ya karanta bai amsa ba.

Ina tsugune da sukurudireba a hannu Baba ya yi sallama. Ya ajiye kwalin zare, ya dubi akwatin a buɗe, ya dubi talabijin ɗin mai aski, ya dubi keken da ke tsaye da rabin bajo a bakinsa. Ya sauko da tabarau kan hancinsa. Baba ba mai faɗa ba ne, da ma yana faɗan da ya fi sauƙi.

"Uwata, wa ya ce ki buɗe ta?"

"Ba kowa, Baba."

"Waɗannan sababbin sandunan fa, daga ina?"

Ƙaryar tana bakina a shirye, amma na kasa fitar da ita. Na gaya masa. Ya gyaɗa kai a hankali kamar wanda aka tabbatar masa da abin da ya daɗe yana zato. Ya kunna da kansa, ya ga baƙi, ya buga makunni. Ya sake, ya sake bugawa. Sannan ya ɗaura rigar aikinsa mai cike da guntayen zare, ya zauna a kujerarsa yana jera zarurruka bisa launi, aikin da ba ya yi sai ransa ya ɓaci. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, shi bai taɓa saɓa wa mai kaya alkawari ba, kuma mutum ana gane shi ne daga abin da ya shigo da shi gida.

Kamar an aika mata, sai ga kiran Umma. Ban san yadda labari ke tashi daga shagon nan ya riga mutum isa gida ba, amma ina zargin mai aski. Ta ce ai ta faɗa, ta ce yaron da ya shigo da asara tun yana bakin ƙofa, in ya shiga ɗaki me zai yi. Ta ce ɗan mai yadi ya san wani mai gyara, in na yarda yanzu za ta kira shi ya turo. Na ce a'a. Na kashe wayar na shiga bayan tulin yadudduka na share hawaye, don ban so Baba ya gani. Tsoro nake ji sosai. Ba don bajo ba, bajo ko da hannu ne ma kwana muna yi. Tsoron da nake ji shi ne Baba ya gama kallon da ya ce yana yi.

Da la'asar Mai Allura ya yi sallama. Yana cikin kayan aikinsa shuɗɗa, da agogon nan da suke maƙalawa a ƙirji, idanunsa sun faɗa don gajiya. Ya durƙusa ya gaida Baba. Baba ya amsa a taƙaice yana ci gaba da jera zare. Kafin in buɗe baki ya ce shi ne ya kawo sandunan, kuma laifinsa ne da bai ce a jira a gama aikin da ke hannu ba, a yi masa izini ya duba. Baba ya nuna akwatin da haɓa.

Ku sani shi ba mai gyaran kwamfuta ba ne. Tasa kawai ya taɓa ƙara wa ram, ita kuwa ba ta ba shi wahala ba. Ya wanke hannu a famfon bayan shago, don su ko ƙofa za su taɓa sai sun wanke hannu. Ya karanta lambar da ke jikin sandunan, ya gwada da abin da kamfanin kwamfutar ya rubuta a shafinsa, ya ga sun dace. Ya mayar da sababbin biyu a guraben da aka nuna, ya danna kowacce har ta ce ƙas. Ya ce in kunna. Na kunna. Fanka, fitila ruwan lemo, baƙin allo. Baba, daga inda yake zaune, ya miƙa hannu ya buga makunni.

Mai Allura ya dubi makunnin, ya dubi Baba, sannan ya juyo gare ni.

"Tun safe haka kuke yi?"

"Yaya?"

"In kin kunna, kina jira kamar yaya kafin ki kashe?"

Na ce jira kuma na me, abu ya nuna baƙi. Ya koma kan wayarsa yana karatu, yana ja da yatsa, leɓensa yana motsi. Can ya ɗago ya yi wa Baba bayani a hankali. Ya ce irin waɗannan sababbin kwamfutoci, in aka sauya musu ram, ba sa tashi nan take. Sai sun zauna sun gwada sandunan, sun auna gudun da za su iya tare, kuma duk lokacin allo baƙi yake, fitilar nan ruwan lemo ce kawai alamar ana aiki. Yana iya ɗaukar mintuna. In aka kashe a tsakiya, ta koma farko. Tsohuwar sandar ma da na mayar, sauyi ne a wurinta, gwajin ta fara na katse ta.

Baba ya ce shi a saninsa inji in yana cin wuta ba ya aiki, ƙonewa yake yi. Mai Allura ya ce bai rantse ba, yana iya yiwuwa wani abin ne daban, amma a ba shi dama ɗaya. Baba ya yi shiru, na ɗauki shirun a matsayin izini, na kunna.

Jama'a, ban taɓa sanin shagonmu yana da ƙara haka ba sai da muka yi tsit. Ana jin injin mai aski ta bango, ana jin fankar kwamfuta tana tashi tana sauka. Allo baƙi. Na ga yatsun Baba suna motsi a kan gwiwarsa. Fankar ta yi wani irin gurnani ta ƙara gudu, sai kawai Baba ya miƙe, hannunsa ya tafi bango.

Mai Allura ya riga shi. Ya ɗora tafin hannunsa a kan makunnin ya rufe shi, har yatsun Baba suka sauka a bayan hannunsa.

Mutumin da ke neman 'yar mutum, a shagon mutum, ya tare masa hannu. Na ce a raina shi ke nan, Umma ta yi nasara ba tare da ta bar falo ba. Shi kuwa kansa a sunkuye, muryarsa ƙasa ƙasa, amma hannun bai motsa ba.

"Baba, a gafarce ni. A ɗan ƙara mata lokaci."

"In ta ƙone fa?"

"In ta ƙone ni na jawo, kuma duk hukuncin da aka yanke a kaina na karɓa."

Baba ya san abin da yake nufi, ni ma na sani. Ya dube shi ta saman tabarau na tsawon lokaci, sannan ya janye hannunsa, amma bai zauna ba. Haka suka tsaya su biyu a jikin bango. Don ya rage nauyin shirun, ina ji, Baba ya tambaye shi wane aiki yake yi a asibitin takamaimai. Ya ce yana ɗakin da ake kai mutane su farfaɗo bayan tiyata. Ya ce yawancin aikinsa zama ne kusa da wanda bai buɗe ido ba tukuna, yana duba numfashi, yana hana dangi girgiza shi. Baba ya ce hm.

Ni dai allo nake kallo ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Fitilar ruwan lemo ta mutu. Fanka ta tsaya cak, har na dafe ƙirji. Sai ta sake tashi da kanta, wata fitila fara ta kama, kwamfutar ta yi ɗan ƙara guda ɗaya siriri, tambarin kamfani ya fito a tsakiyar talabijin ɗin mai aski.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na rarrafa na jawo kujera, na buɗe zanen bajon. Zanen da nake dafa shayi kafin ya buɗe, kafin in ɗauke yatsa ya bayyana gaba ɗaya da launukansa. Na tura wa keke. Baba ya gyara yadin, ya danna, allurai suka ci gaba daga inda suka tsaya. Ya tsaya a kansu har bajo ɗaya ya fita, ya yanke zaren, ya juya bayansa ya duba, ya ajiye. Sai a lokacin Mai Allura ya sauke hannunsa daga bango, ina ganin ya manta yana can.

"Tunda na buɗe shagon nan," in ji Baba, "ba wanda ya taɓa tare mini makunni."

Mai Allura ya durƙusa zai ba da haƙuri. Baba ya ɗaga masa hannu.

"Mahaifinka yana nan?"

"Yana nan, Baba."

"Ka ce masa ina son mu gaisa."

Na juya ina gyara zaren da ba abin da ya same shi, don fuskata ta ƙi ɓoyuwa. Daɗi ya cika ni har ina jin kunyar numfashina. Ina cikin haka wayata ta yi ƙara a aljihu. Umma ce ta rubuto: "Ki taho gida yanzu ki sauya kaya, ki sa yadin nan ko a yafe ne. Mahaifiyar ɗan mai yadi ta ce ba sai ƙarshen mako ba, ga su nan a falo, ita da 'yan uwanta."

Na karanta, murna ta koma ciki. Na miƙa wa Baba wayar. Ya nesanta ta da idonsa ya karanta a hankali, ya mayar mini. Ya kwance rigar aiki ya rataye, ya kakkaɓe zaren da ke hularsa. Sannan ya zaro makullan shago daga aljihu ya miƙa wa Mai Allura. Ya ce masa ya zauna ya kula da keken har layin bajojin nan ya ƙare, in allura ta laƙe ya kashe keken nan take, amma kwamfutar kada ya taɓa ta. Mai Allura ya karɓa da hannu biyu, yana dubana kamar in fassara masa.

A hanya Baba yana gaba ina biye, da rigata ruwan ganye duk ƙurar akwatin kwamfuta a gwiwa. Da muka isa, takalman baƙi sun cika ƙofar falo, ƙamshin turarensu har waje, ana jiyo dariyar Umma irin wadda take yi wa manyan baƙi. Na nufi ƙofar baya don in je in sauya kaya kamar yadda ta ce. Baba ya riƙo gefen mayafina.

"A haka za ki shiga, Uwata. Ki zauna kusa da ni, ni zan yi magana."

Ya tuɓe takalmansa, ya ɗaga labule, ya yi sallama.